Yatsu Huɗu a Jikin Bango

Saidou ya miƙa wa mai gadi wayarsa aka haska tikiti, sannan ya ja gefe ya bar Delou ta fara shiga. La'asar ta yi sanyi, an riga an kunna fitilun da aka binne a gindin katangu tun duhu bai yi ba. Shekara tara ke nan yana shigowa wannan tsohuwar unguwa ta laka da ke gefen Riyad, amma kullum ta ƙofar baya, da bokiti a hannu, da laka har gwiwa. Yau ne ya fara shigowa ta ƙofar baƙi, cikin farar jallabiyar da ya kai guga tun jiya, sai ya riƙa takawa a hankali kamar wanda ya zo gaida surukai.

Delou matar ƙanensa ce, Jibirilla, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Saidou da Jibirilla magina ne, 'yan unguwar Birni a Damagaram, tare aka ɗauko su lokacin da kamfanin da ke gyaran unguwar ya rasa masu iya yaɓen laka da hannu. Wata Talata Jibirilla ya faɗo daga saman hasumiya, kafin magariba an sallace shi an kai shi maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa. Yau in aka ce Saidou ya nuna kabarin, sai dai ya nuna layi, kuma ko ya sani mata ba sa shiga. Delou ta zo umra ne cikin ayarin matan unguwarsu, ta roƙi kwana biyu, ta kwana zaune a bas daga Makka har unguwar Batha a cikin Riyad. Ba kabari ya kawo ta ba, hannu ta zo gani.

A gidan su Saidou, tun kakanni, magini ba ya barin ɗakin da ya gama sai ya yi bismilla ya danna tafin hannunsa a lakar da ba ta bushe ba, can a lungun da ido bai cika zuwa ba. Jibirilla ya yi haka a wani ɗakin ajiyar dabino sati uku kafin ya faɗi. Hannunsa na hagu kuwa ba ya ɓoyuwa, don sarƙar babur ta cinye masa ƙaramin yatsa tun yana saurayi. Ranar da Saidou ya buga waya gida da labarin mutuwa, da ya rasa abin da zai ce wa Delou, sai ya ce mata hannun mijinta yana nan a jikin bango, ba abin da zai same shi. Ya aika mata da hoto. Ta gode, ta ce amma hoto ba a sa hannu a cikinsa.

Akwai abin da bai taɓa gaya mata ba. Bayan rasuwar da wata biyu, wani jami'in kamfanin ya shigo ɗakin da takarda a hannu, ya ga sawun, ya tambayi Saidou mene ne wannan. Doka ce mai tsanani a wurin: ma'aikaci ba ya ƙara ko da ɗigo a tsohon bango, wanda aka kama kuwa sai filin jirgi. Saidou ya yi maza ya ce, “Min zaman,” wato tun da can yake, haka suka tarar da shi. Mutumin ya ɗauki hoto ya tafi. Daga wannan kalma biyu hannun Jibirilla ya tsufa da shekara ɗari biyu, aka kewaye shi da igiya, aka sa masa fitila, aka ba shi labari. Saidou ya san labarin sarai, lebura ba ya rasa jin abin da ake faɗa a bayansa. Ya so ya kawo ta da rana ba kowa, amma yanzu ba a buɗe ɗakin sai ga masu zagayen yamma. Abu ɗaya ya dogara da shi, Delou ba ta jin Larabci in ban da na salla.

Su wajen ashirin ne a zagayen, Larabawa da Turawa da wasu 'yan Asiya masu manyan na'urorin ɗaukar hoto. Mai jagorar wani dattijo ne mai suna Mish'al, gemunsa a gyare, da 'yar lasifika a gefen baki. Allah ya ba shi baki, wannan ba musu. Ya faɗa da Larabci, ya juya ya faɗa da Turanci, kuma a kowanne sai an yi dariya a daidai inda ya shirya.

Ya fara tsayar da su a bakin wata rijiya, ya ce aljana ce ke zaune a ciki, wadda duk amaryar da ta leƙa ta ga fuskarta, ɗan farinta namiji ne. Mata suka yi layi suna leƙawa. Saidou ya san rijiyar, shi da wani Bapakistane suka kwashe buhu goma sha ɗaya na tsofaffin robobi da takalma daga cikinta, aljana kuwa ba ta ko yi musu sannu ba. Delou ta tambaye shi me ake cewa, ya ce tarihin rijiya ne, a nan ake ɗiban ruwa da. Ta gyaɗa kai, ta ce bakin rijiyar ya yi kama da ta gidan liman.

Daga nan aka bi wani siririn lungu zuwa gindin ganuwa, inda Mish'al ya sauke murya ya ba da labarin rundunar da ta zo da igwa ta kewaye garin wata da watanni, har mutane suka ci fatun shanu, aka sare itatuwan dabino, aka kwashe manyan gari zuwa wata ƙasa. Wannan kam gaskiya ne, Saidou ya taɓa tono ƙarfen harsashin igwa da hannunsa. Amma ramin da Mish'al ya nuna ya ce nan harsashi ya faɗa, Saidou ne ya buɗe shi da kansa bisa umarnin injiniya, don na asalin yana can bayan banɗaki inda hoto ba ya kyau. Delou ba ta kula da rami ba. Tafiya take tana bin bango da yatsunta, tana tambaya a hankali ko nan ma Jibirilla ya yi aiki, ko ya taka wannan tsanin, ko a wannan inuwar suke cin abinci. Duk inda ta nuna Saidou ya ce eh, har inda ba su taɓa zuwa ba.

Aka kira magariba, aka tsaya aka yi salla a wani ƙaramin masallaci. Bayan nan aka shigar da su tsohon gidan gahawa, wanda Mish'al ya ce a nan fatake suke sauka a da, mawaƙa suna zagin juna da baiti har sai an zare takobi. Yanzu kujeru ne masu laushi da sanyin na'ura. Aka zagayo da gahawa a 'yan ƙananan kofuna, tare da faranti cike da biskit na dabino. Delou ta ɗauki guda, ta juya shi a tafinta, ta tsaya. Siffar hannu ce, hannun hagu, yatsu huɗu.

Ta ɗago ta dubi Saidou, idonta ya kawo ruwa, amma murmushi take yi.

“Yaya, har abinci suka yi da shi? Ashe sun san shi haka?”

“Sun san shi,” in ji Saidou, ya kurɓi gahawa mai zafi har ta ƙone masa harshe.

Ba ta ci ba. Ta ɗaure shi a gefen mayafinta, ta ce na Zouera ne, 'yarsu ta fari, wadda ta fi kowa kama da uban.

A nan ne wata mata da ke kujerar bayansu ta juyo, cikin baƙar abaya mai aiki a hannu, ƙamshin turare na tashi. Ta ce ai tun a bakin rijiya take jin kamar Hausa, ashe kunnenta bai yi ƙarya ba. Sunanta Hajiya Muhibba, 'yar Kaduna, mijinta yana aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shekararsu bakwai a garin. Mace ce mai son mutane, irin waɗanda alherinsu ba ya jiran a nema. Da ta ji Delou baƙuwa ce kuma ba ta jin Larabci, sai ta dafa ƙirji ta ce ai an cuce ta, duk daɗin zagayen a labarin yake. Ta dubi Saidou ta ce maza ba su iya fassara ba, kalma goma sai su mayar da ita ɗaya. Ta kama hannun Delou ta ce daga nan ta zama tata, sauran wuri ɗaya ne ma, kuma shi ya fi kowanne ban dariya, wannan zuwanta na uku.

Saidou ya ce kada ta wahalar da kanta, shi ma yana ji. Ya ce ƙafar Delou na ciwo, wataƙila su tsaya a baya. Delou ta dube shi da mamaki ta ce ƙafarta lafiya lau. Yana ji yana gani matan biyu suka wuce gaba hannu cikin hannu, shi kuma ya biyo su kamar wanda ake ja da igiya.

Ɗakin ajiyar dabinon ƙarami ne, sai da aka matsu. Can a lungu, daidai ƙugun mutum, fitila ta haske sawun. Ya fito tas, har da layukan tafin, har da ɗan karkacewar babban yatsa. Delou ta tsaya cak, leɓenta na motsi da addu'a. Saidou ma ya jima bai gan shi ba, ya tuna Jibirilla yana goge hannun a wando yana dariya.

Mish'al ya ce kowa ya dafe aljihunsa, an iso gidan ɓarawo. Aka yi dariya. Ya ce a zamanin yunwar yaƙi akwai wani baƙin bawa da aka ba tsaron wannan ɗaki, kullum sai a ga dabino na raguwa. Aka kama shi, mai gida ya ji tausayinsa, maimakon hannu aka cire masa yatsa ɗaya. Washegari aka yaɓe ɗakin da sabuwar laka, da safe sai ga sawun yatsu huɗu a bango, ashe ko jinin bai bushe ba ya koma. Ya kwaikwayi tafiyar bawan, ya turo baki, ya cika kumatu kamar mai tauna a ɓoye. Ya ce har yau masu gadi sun ce in aka bar dabino a ɗakin ba ya kwana. Ɗakin ya ɗauka da dariya. Mutane suka fara naɗe ƙaramin yatsansu suna ɗaga hannu a gaban igiyar ana ɗaukarsu hoto.

Hajiya Muhibba tana fassarawa tana dariya, ba ta bar ko kalma ɗaya ba, har turo bakin sai da ta yi. Saidou yana kallon bayan Delou. Bai ga ta motsa ba. Sai da Hajiya ta gama, ta ce mata ta naɗe yatsa ita ma a ɗauke su, sannan Delou ta zare hannunta daga nata, ta juyo.

“Yaya, ɓarawo suka ce?”

Ta matso kusa da shi.

“Shekara huɗu suna ce masa ɓarawo, kana garin?”

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar da bai taɓa jin irinta ba ko ranar da ya ɗauki gawar. Kafin ya yi shawara da kansa ya ji bakinsa ya buɗe, da Larabcinsa na wurin aiki, wanda bai wuce kawo, ɗauki, sauke ba. Ya ce wannan ba ɓarawo ba ne. Ya ce ƙanensa ne, sunansa Jibirilla, magini ne, shi ya yaɓe wannan bangon shekara huɗu da suka wuce, ya mutu a hasumiyar da ke bayan nan. Ya ce wannan matarsa ce.

Mish'al ƙwararre ne, bai ko girgiza ba. Ya buɗe hannuwa ya ce masha Allah, yau ga jikan ɓarawon ya zo karɓar gado. Aka sake fashewa da dariya, wasu suka juyo da wayoyinsu kan Saidou, suna zaton cikin shirin ne. Saidou ya laluba wayarsa, ya nemo hoton, ya ɗaga. Jibirilla ne a tsugune da hular aiki, yana washe baki, ya ɗaga hannun hagu mai yatsu huɗu duk laka, ga sawun ɗanye a gefensa. Wayar ta fara yawo daga hannu zuwa hannu, dariyar ta riƙa mutuwa a inda ta wuce. Wata Baturiya mai furfura ta sa tabarau ta duba hoton, ta duba bangon, ta fito da ɗan littafi ta fara yi wa Mish'al tambayoyi. A nan fuskarsa ta canza. Ya yi magana a 'yar lasifikarsa, masu gadi biyu suka shigo, cikin ladabi suka ce lokacin ɗakin ya ƙare.

Delou ta yi taku biyu zuwa igiyar, ta miƙa hannu. Mai gadi ya sa jikinsa a tsakani, ya nuna mata ƙofa. Hajiya Muhibba ta ce wallahi ba ta sani ba, Allah ya jiƙansa, ta faɗa sau uku. Sai kuma ta ga wayoyin da ke ɗauka, ta tuna inda mijinta ke aiki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta sulale cikin mutane. Aka kulle ɗakin.

A waje aka ce Delou ta zauna a kan wani benci, aka kawo mata ruwa. Saidou kuma aka kai shi gefen gidan gahawa, inda injiniyan da ke kula da ma'aikata yake tsaye yana jiransa. Ya san Saidou shekara tara, yana kiransa da suna, abin da ba kowane babba ke yi ba. Bai yi faɗa ba. Har ta'aziyya ya yi masa, ya ce ya tuna marigayin, yaro ne mai hannu. Sannan ya tambaye shi wa ya ce wa ofis sawun tsoho ne, don yana nan a rubuce da sunan wanda aka tambaya. Saidou ya sunkuyar da kai.

Injiniyan ya ce sati mai zuwa kwamitin masana zai zo duba unguwar, kuma matar nan mai littafi da alama ta san wasunsu. Idan suka tarar da sabon abu a tsohon bango, an yi masa igiya da fitila, to ba Saidou kaɗai zai sha ba. Ya ce abu biyu ne. Ko ya rubuta rahoto yanzu, ma'aikaci ya ɓata kayan tarihi, ɗan'uwansa ya yi ƙarya ya rufe, kafil, ubangidan da ya ɗauko shi, ya soke iƙama, takardar zamansa, cikin sati Saidou yana gida. Ko kuma gobe bayan asuba, kafin kowa ya zo, bangon ya wayi gari sumul.

“Kai za ka yi,” in ji shi. “Ba ni da wanda zai yaɓe wurin a kasa ganewa sai kai.”

Saidou ya yi lissafi. Gida biyu ke ci daga hannunsa a Damagaram, nasa da na Jibirilla, baki goma sha ɗaya. Ya tambaya da ƙaramar murya ko za a bar matar ta shiga minti ɗaya, ta sa hannu kawai ta fito. Injiniyan ya girgiza kai, ya ce an riga an kulle, akwai na'urar ɗaukar hoto a ƙofar, ba ya son wani bidiyon kuma. Saidou ya ce to labarin fa, za a daina? Mutumin ya ɗan yi murmushi, ya ce labari ba ya cikin aikin kwamiti, mutane na son sa, biskit ɗin ma shi ya fi tafiya. Za a ce sawun ya goge saboda tsufa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ƙarfe biyar da rabi, ya zo da lakar da aka jiƙa tun shekaranjiya, ita ce launinta zai hau.

Ana kiran isha'i suka fito ta ƙofar baƙi. Motoci na ta sauke sababbin masu zagaye, yara na gudu da balan-balan. Suka taka zuwa inda ake samun mota zuwa Batha, gidan wata 'yar Maraɗi da Delou ta sauka. Sai da suka yi nisa Delou ta ce ya yafe mata maganar da ta faɗa masa a ciki, zafin zuciya ne. Ta ce ta ga yadda ya tsaya a gaban manyan mutane ya faɗi sunan ƙanensa, ko ba ta jin Larabci ta ji sunan sarai. Ta ce daga bencin ta hango babban nasu ya dafa kafaɗarsa, ta san an gane gaskiya. Yanzu duk wanda ya shiga ɗakin za a ce masa hannun Jibirilla ne, magini, mutumin Damagaram, kuma za ta gaya wa yaransa haka.

Saidou yana kallon titi. Ya ce Allah ya sa.

Ta tambaya ko za a bar ta ta shiga gobe, tunda bas ɗinta sai azahar. Ya ce ba a buɗe wa baƙi da safe, ma'aikata kawai, shi ma an ce ya je da asuba akwai ɗan aiki a ɗakin. Ta ɗan ci gaba da tafiya. Sai ta tsaya a gefen titi, ta buɗe tafin hannunta ta duba, ta rufe.

“To Yaya, tunda kai za ka shiga, ka ɗora hannunka a kai a madadina. Ka daɗe, kada ka yi sauri.”

Wata mota ta rage gudu a gabansu, direban ya leƙo yana kiran Batha. Saidou ya buɗe mata ƙofar baya, ya jira ta tattara mayafinta ta zauna.

“Zan ɗora,” in ji shi.